Tsoffin katunan ƙwallon kwando za su yi kuɗi?

Malam, ka ce ka tsinci katunanka na yarinta masu hotunan 'yan wasan ƙwallon kwando a ƙasan akwati, kana tambayar darajarsu. Fara duba shekarar da ke bayan katin. Na 1990 zuwa 1992, irin su samfurin Hoops, an buga su jibgi, ko da hoton Michael Jordan ne kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Na kamfanin Fleer na 1986 ake rububi: Jordan ne lamba 57, ɗan wasa Hakeem Olajuwon ma yana ciki, an rubuta sunansa Akeem. Sai dai jabu sun yi yawa.

Kada ka goge su, kada ka ɗaure su da roba, ni haka na lalata gefen nawa. In kana kyautata zaton na asali ne, kamfanin PSA a Amurka yana tantancewa, ya ba da maki 1 zuwa 10 gwargwadon kyawun katin.