Ga ƙanwarmu mai tambaya kan banɗakin Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce za ki tafi Ingila karatu, za ki zauna gidan haya da wasu ɗalibai, an kuma gaya miki banɗakinsu ba buta ba famfon tsarki sai takarda, shi ne kike tambaya yaya mutum yake yi. Gara da kika cire kunya kika tambaya, don na san akwai waɗanda suka yi shiru suna jiran amsar.

Ki kwantar da hankalinki, babu mai hana ki tsarki da ruwa. Na daɗe ina zaman haya da mutane iri-iri a can, ba wanda ya taɓa tsare ni yana tambayar me buta take yi a gefen masai. Abin da ke haɗa rigima guda ɗaya ne: a shigo bayanki a tarar da ƙasa a jiƙe, ko wurin zama da ɗigon ruwa. Su ba sa tunanin ruwan famfo ne, fitsari suke ɗauka, kuma ba za su faɗa miki ido da ido ba, sai dai ki ga takarda manne a ƙofa.

Kuma suna da hujja. Yawancin banɗakunan can ba su da rariya a ƙasa. Sau da yawa banɗakin yana hawa na sama, daɓen katako ne aka shimfiɗa masa leda ko tayil, a wasu tsofaffin gidajen ma har kafet za ki gani. Ruwan da kika zubar ba shi da hanyar fita, zai bi ta ƙasa ya ɓullo a silin ɗin wanda ke ƙasanki, mai gida kuma ya cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyar da kika ba shi. Don haka komai a cikin kwanon masai ake gama shi. Ki zauna sosai, ki zuba ruwan a hankali, ki tsane jiki da takarda, ki goge wurin zaman kafin ki fito. Wanka ma haka: in da bokiti kika saba, ki sa bokitin cikin baho, ki ja labulen ya faɗo ta ciki ba ta waje ba. Bayan kin gama ki buɗe taga ko ki kunna fankar zuƙe tururi, in ba haka ba fumfuna za ta kama bango cikin hunturu.

Wasu za su ce ki sayi tiyon tsarki ki ɗaura da kanki. Ni ban ba ki wannan shawarar ba. Dokar kayan famfo ta Ingila ta 1999 tana da tsauri kan duk tiyon da bakinsa zai iya kaiwa cikin masai, saboda gudun ƙazamin ruwa ya koma bututun ruwan sha, ga shi gidan ba naki ba ne. Sai da izinin mai gida da ma'aikacin famfo wanda ya san aikinsa.

A waje, makaranta ko tashar jirgi, ƙaramar gorar roba a jaka ta wadatar. Ki cika ta kafin ki shiga, don wurin wanke hannu yana waje ne, ba a cikin ɗakin masan ba. Akwai kuma gorar tsarki ta tafiya mai lanƙwasasshen baki da ake matsawa. Ranar da kika rasa duka, ki tuna malaman fiƙihu sun yi bayanin istijmari, wato tsarki da dutse ko makamancinsa a madadin ruwa, kuma takarda mai tsabta tana shiga ciki, don haka kada wasuwasi ya hana ki sakewa. Alwala ce ta fi wuya, musamman ɗaga ƙafa cikin wurin wanke hannu na jama'a, wanda suke ƙyama ƙwarai. Jami'o'i da yawa suna da ɗakin salla da wurin alwala, ki neme shi tun makon farko.

Tishu mai laima kuwa, ko an rubuta a jikinsa cewa ana iya kora shi, ki jefa shi kwandon shara. A 2017 an tono wani dunƙulen maiƙo da irin wannan tishun a magudanar Whitechapel da ke Landan, nauyinsa tan 130, tsawonsa mita 250. Takardar banɗaki ta ainihi ita ake korawa a Ingila. Amma kada ki ɗauka haka Turai take gaba ɗaya. In hutu ya kai ki Girka, can ko takardar ba a korawa, bututunsu siriri ne, kwando ake sa wa. Italiya kuwa tun 1975 doka ta sa a riƙa saka kwanon tsarki a gidaje. A Finland ƙaramin tiyo ne a gefen masai, a Turkiyya bakin famfon yana jikin masan. Japan ta wuce kowa, kamfanin Toto ya fito da masai mai fesa ruwan ɗumi tun 1980. Ina faɗa miki ne don kada wani ya sa ki ji kamar tsarki da ruwa ƙauyanci ne.

Sauran ƙananan abubuwa ne da za ki saba cikin kwanaki. Fitilar banɗaki a tsofaffin gidaje igiya ake ja, ko makunnin yana waje. Famfo biyu ne, ɗaya ya ƙona ki ɗaya ya daskarar da ke, don haka ki fara zuba na sanyi a buta sannan ki sirka, ki taɓa da hannu kafin ki yi amfani da shi. In baƙuwa ce ke a gidan wani, ki rufe murfin masai bayan kin kora.

Kin kuma tambaya ko ki taho da buta. Ki sako ƙarama ɗaya saboda daren farko, don ba za ki san kan gari ba tukuna. In ta fashe a hanya, ƙaramar butar ban ruwan fulawa mai dogon baki tana yin aikin daidai, ana samunta a shagunan kayan gida, kuma wasu abokan zaman za su ɗauka ta fulawa ce. Ki ajiye ta a juye ta bushe, ba a kan hanyar ƙafar mutane ba. Allah ya kai ki lafiya, ya ba da sa'ar karatu.