Amsa ga ƙanwarmu da aka tura ofishin tsofaffin ɗalibai

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, na ga tambayarki: kin gama bautar ƙasa, jami'a ta ɗauke ki aiki, kin sa rai za a kai ki sashen jarrabawa ko na ɗaukar ɗalibai, sai aka tura ki ofishin hulɗa da tsofaffin ɗalibai da neman tallafi. Kina so ki sani ko aikin yana da gaba, ko kuwa maula ce kawai da katin shaida a wuya, kamar yadda ƙawarki ta ce. Na daɗe a irin wannan ofishi a wata jami'ar tarayya a Arewa, don haka bari in faɗa miki abin da na gani. Ki yi haƙuri, zancen zai ɗan yi tsawo.

Ki karɓi aikin. Amma ki cire wa ranki cewa za ki riƙa shiga falon attajirai kina fitowa da cak. Manyan kyaututtukan da kike ji a labarai, irin ginin makarantar koyon kasuwanci da Ɗangote ya yi wa Jami'ar Bayero aka buɗe a 2018, ko ɗakunan kwanan ɗalibai da ya gina wa Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya, ko naira biliyan ɗaya da gidauniyar Abdul Samad Rabi'u ta ba ABU a 2021, duk magana ce ta tsakanin manya. Shugaban jami'a ne ke zuwa, ko shugaban majalisar gudanarwa, wani lokaci har da uban jami'a, wanda galibi sarki ne. Ƙaramar ma'aikaciya rabonta a nan shi ne takardar da shugaban jami'a zai riƙe a hannu idan ya shiga, da abin da zai biyo baya idan ya fito. Kuma wallahi yawancin kuɗin da jami'o'inmu ke asara a waɗannan wurare biyu suke zubewa.

Ki fara sanin dalilin da ya sa ofishin yake rarrafe, don kada ki ɗauka laifin mutanen da kika tarar ne. Jami'o'inmu na gwamnati sun tashi ne da kuɗin gwamnati. Albashi daga Abuja yake zuwa, gine-gine da horar da malamai kuma mafi yawa daga TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, wadda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi na 1993. Neman kuɗi a wajen tsofaffin ɗalibai a matsayin aiki mai ofishi da ma'aikata sabon abu ne a wurinmu. Ya samu ƙarfi ne a farkon shekarun 2000, lokacin da gidauniyoyin Amurka irin su MacArthur da Carnegie suka tallafa wa wasu jami'o'i. MacArthur ta yi aiki da Ibadan, ABU, Bayero da Fatakwal, kuma cikin abubuwan da aka ƙarfafa har da kafa ofisoshin bunƙasa jami'a. Shi ya sa idan kin je bita za ki ji ana ta ambaton jami'ar Harvard ta Amurka da asusunta da ya haura dala biliyan 50. Ki saurara, ki ɗauki abin ɗauka, amma kada ki dawo da wannan lissafi gida. Su sun yi ɗaruruwan shekaru suna tarawa, mu kuwa har yanzu ba mu ma san inda ɗalibanmu na shekaru goma da suka wuce suke ba.

To, a nan aikinki na farko yake: rajista. Ki tambayi shugaban ofishinku mutum nawa kuke da lambar wayarsu mai aiki. Kada ki yi mamaki idan aka nuna miki tarin fom ɗin da ɗalibai suka cike lokacin karɓar takardar sallama, an ɗaure da igiya a saman kabad. Jami'a kamar ABU, wadda aka kafa tun 1962, tana da tsofaffin ɗalibai a kusan kowace ma'aikata da asibiti da kotu a ƙasar nan, amma wanda ba ki da lambarsa, kamar babu shi ne. Ki koyi Excel da kyau, ba shigar da suna kawai ba: yadda ake tace maimaici, yadda ake ware mutane bisa sashe da shekarar gamawa da garin da suke. Sunayenmu ma jarrabawa ne. Muhammad Sani Abdullahi zai fito miki sau da yawa a shekara guda, ɗaya ya rubuta Mohammed, ɗaya Muh'd, sai lambar rajista ce za ta raba gardama. Mata kuma wata ta koma amfani da sunan miji, wata ta bi shi Legas ko Jidda, lambar da ta bari ta mahaifinta ce. Ki nemi littattafan bikin yaye ɗalibai na shekarun baya a ɗakin karatu, nan ne jerin sunaye mafi inganci yake. Sannan ki tuna akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ɗan siyasa zai aiko a ba shi lambobin 'yan jiharsu, mai sayar da filaye ma zai zo. Amsa ɗaya ce: a'a, a rubuto wa magatakarda.

Abu na biyu da ba a faɗa wa sabbin shiga shi ne, mutane da yawa sun bar jami'a da ciwo a zuciya. Wani yajin aiki ya ci masa shekara, kin dai ga na 2022 da ya kai wata takwas. Wani sakamakonsa ya ɓata, wata ta yi watanni tana bin takardar cikakken sakamakonta har gurbin karatun da ta samu a waje ya wuce ta. Ranar da kika kira irin wannan kika ce jami'arku tana neman gudummawarku, za ki ji abin da ba ki shirya ji ba. Kada ki yi musu, kada kuma ki kare abin da ba ya karuwa. Ki rubuta ƙorafin, ki taka da ƙafarki zuwa ofishin da abin ya maƙale, ki sake kiran mutumin ki gaya masa inda aka kwana. A ofishinmu, mutanen da suka fi riƙe mu daga baya su ne waɗanda muka fara yi wa hidimar takarda ba tare da mun nemi ko sisi ba. Ni a ganina duk ofishin tsofaffin ɗaliban da bai iya taimaka wa mutum ya samu takardarsa ba, bai da bakin tambayarsa kuɗi.

Ki lura kuma da inda zumuncin yake. Ɗan Arewa ya fi jin makarantarsa ta sakandare a jiki fiye da jami'a. Dubi yadda tsofaffin ɗaliban Barewa ko na Rumfa suke riƙe da junansu. A jami'a kuwa, abin da mutum ke ƙauna shi ne sashensa, 'yan ajinsa, da wani malami da ya tsaya masa. Kowane aji yana da zaurensa a WhatsApp, suna haɗa kuɗin biki da na jinya da na marayun abokansu da suka rasu, ba tare da jami'a ta sani ba. Kada ki ce za ki rushe wannan ki tara kowa a zaure ɗaya, surutu da faɗan siyasa kawai za ki girba. Ki nemi mai riƙe da kowane zaure, ki girmama shi, ki kawo musu aiki ɗan daidai wanda ido zai gani: gyaran ɗakin gwaje-gwajen da suka yi karatu a ciki, sola a ɗakin karatun sashensu, rijiyar burtsatse a ɗakin kwanan mata, ko biyan kuɗin rajistar ɗaliban da suka gaza. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne saurin shiga zuciya tun da jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista a 2023. Bashin karatu na NELFUND da ya fara a 2024 ya rage wani abu, amma ba kowa ke samu ba, ba kowa ne kuma ke son bashi ba.

Sai batun ƙaddamar da gidauniya, wanda manya suka fi so saboda akwai rumfa da kyamara. Za a gayyaci babban mai ƙaddamarwa, sanƙira ya yi ta kirari, wannan ya ce miliyan kaza, wancan ya ce shi da abokansa miliyan kaza, a tafa. Washegari jarida ta buga jimilla. Bayan wata shida ki duba asusu, sai jikinki ya yi sanyi. Mun ce alkawari kaya ne, amma a irin wannan taro da yawa a bakin ƙofa suke sauke nasu. Abin da ke ceto shi ne aikin da ba wanda ke so: ki zauna kusa da mai sanarwa ki rubuta wa ya ce me, a sa wakilinsa ya sa hannu a katin alkawari kafin ya fita, wasiƙar godiya ta isa cikin mako, sannan a san wane ne a cikin manya zai yi tuni. Ke ba za ki kira tsohon gwamna ki ce ina kuɗinmu ba. Za ki dai tabbatar takardar tunin tana kan teburin wanda zai iya kiransa.

Kuɗi kuwa, ki ji tsoron Allah ki kuma ji tsoron mai binciken kuɗi. Ko da wasa kada gudummawa ta shiga asusunki, ko da mai bayarwa ya ce ya fi yarda da ke. Tun 2015 kuɗin hukumomin tarayya suke bi ta asusun bai ɗaya na gwamnati, wato TSA, kuma masu bayarwa da yawa suna ɗari-ɗari da hakan don suna ganin kuɗinsu zai nutse. Shi ya sa wasu suka fi son su biya ta ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wadda ke da rajistarta da asusunta daban, wasu kuma su turo ɗan kwangilarsu ya yi gini ya miƙa mukulli. Ki zauna da mutanen ofishin ma'aji su fahimtar da ke hanyar da jami'arku ta amince da ita. Ki kuma san cewa ƙungiyar da ofishinku ba abu ɗaya ba ne. Su zaɓaɓɓu ne, suna da siyasarsu, ke ma'aikaciyar jami'a ce. Lokacin zaɓensu ki kame bakinki. Idan wani ya ce zai kawo mai kuɗi a ba shi kamasho, ko ya fara zagaye-zagayen digirin girmamawa, ki miƙa maganar sama, ba taki ba ce.

Wani abu da muke da shi wanda littattafan Turawa ba za su koya miki ba shi ne harshen sadaka mai gudana da waƙafi. Jami'ar Ƙarawiyyin ta birnin Fas a Maroko, da ake danganta kafuwarta ga Fatima al-Fihri a 859, da Azhar ta Alƙahira, da dukiyar waƙafi suka rayu ƙarni bayan ƙarni. Mutumin da ba zai motsa ba idan kin ce masa asusun bunƙasa jami'a, zai saurara idan kin ce gurbin karatu da sunan mahaifiyarsa marigayiya, ana biya wa marainiya ɗaya duk shekara. Sai dai ki kiyaye: zakka tana da mutanenta takwas da Alƙur'ani ya ambata, kada ki karɓi zakkar mutum a sa a fenti ko kujeru. Ki tambayi malaman sashen shari'a ko na nazarin addinin Musulunci, suna nan kusa da ke. Tsofaffin ɗalibanku Kiristoci ma suna da yawa kuma suna bayarwa sosai, don haka wasiƙar da za ta je wa kowa a rubuta ta yadda kowa zai ga kansa a ciki.

Bayan an karɓa, a koma a nuna. Hoton rijiyar tana zuba, rasit, sakamakon yarinyar da aka biya wa, da wasiƙa da hannunta idan ta yarda. Yaba kyauta tukwici, kuma wanda aka nuna wa inda kuɗinsa ya tafi shi ne ke sake bayarwa, har ya jawo abokinsa. Wasu kuma ba sa son a ambaci sunansu sam, sai ki rubuta hakan a fayil da jan biro don kada wani mai zumuɗi ya sanar a lasifika.

Game da gaba da kika tambaya: a jami'ar tarayya mai digirin farko yakan fara ne a mataki na 7 na tsarin albashin CONTISS, kuma ƙarin girmanki zai bi na sauran ma'aikatan gudanarwa, ba yawan kuɗin da kika jawo ba. Albashin ba zai burge ki ba, kuma magatakarda na iya ɗauke ki ya kai wani sashe ranar da ya ga dama. Amma rubuta takardar neman tallafi, tsara kasafi, riƙe bayanai da rubuta rahoto ga mai bayarwa, su ne abubuwan da ƙungiyoyin agaji da gidauniyoyi da jami'o'i masu zaman kansu suke nema ido rufe. Ki shiga ƙungiyar ANUPA ta ma'aikatan gudanarwar jami'o'i, ki riƙa leƙa abubuwan da CASE, ƙungiyar duniya ta masu irin wannan aiki a makarantu, ke wallafawa a intanet, ki kuma ajiye kwafin duk takardar da kika rubuta wadda ta kawo wani abu.

A matsayinki na mace, in ƙara miki ɗaya. Ziyarar mai bayarwa a ofis ake yi, da rana, ku biyu, da sanin shugabanki. Wanda ya ce sai ke kaɗai za ki zo karɓa a masauki, ki gaya wa shugabanki a rubuce, a tura namiji. In da hali ki nemi layin waya na ofis daban da naki, don da zarar lambarki ta shiga zaurukan nan, har ƙarfe goma sha ɗaya na dare za a riƙa kiranki ana tambayar takardar sakamako.