Shayi mai zafi zai iya lalata wayar gyaran haƙori?

Tambaya: Likita, an sa wa 'yata wayar gyaran haƙori, aka ce mana wayar tana tuna siffarta kuma da ɗumin baki take aiki. Ga bazara, ga yarinya ba ta rabuwa da shayi. Wayar ba za ta matse fiye da kima ta zubar mata da haƙora ba? Sannan maƙwabciyata ta ce tunda wayar ce ke aikin da kanta, in kai ƙanwar 'yar tawa wurin wata mai sawa a gida, ya fi sauƙi.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki a kan shayi. Wayar nitinol ce, haɗin nikel da titaniyam kusan rabi da rabi, wadda William Buehler da abokan aikinsa suka gano a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka wajen 1960. George Andreasen na Jami'ar Iowa ne ya shigo da ita gyaran haƙori a farkon shekarun 1970. Ƙwayoyin ƙarfen suna da jeri biyu. In ya yi sanyi sai su koma jeri mai laushi, a lanƙwasa shi yadda aka so. In ya ɗumama sai su koma jerin farko, su ja wayar zuwa siffar da aka gasa ta a kai tun a masana'anta, a zafin da ya kai kusan digiri 500. Shayi bai kai ko 100 ba, don haka ba ya goge komai. Iyakarsa ya ɗan ƙara ƙarfin jan na wasu mintoci. Irin wadda aka ƙara wa jan ƙarfe ana saita ta ta farka a digiri 27 ko 35 ko 40, shi ya sa in tana zogi, kurɓar ruwan sanyi ke sassauta ta.

Maganar maƙwabciyarki ce ta tayar mini da hankali, don kullum sai mun ga sakamakonta a asibiti. Me wayar ta sani? Lanƙwasa ɗaya tak, mai kama da baka. Ba ta san tsawon saiwar haƙorin yarinya ba, ba ta san ko dasashi na ciwo ba, ba ta san ko akwai haƙorin da ya maƙale cikin muƙamuƙi ba. Haƙori yana matsawa ne saboda ƙashi na narkewa ta gefen da ake turawa, yana ginuwa ta bayansa, wajen milimita 1 a wata. Inda aka manna ƙananan ƙarafan nan a fuskar kowane haƙori shi ke yanke inda zai nufa. A kuskure wurin, wayar za ta ci gaba da ja dare da rana ba gajiya, domin abin da ya bambanta ta da wayar ƙarfe ta da ke nan: ƙarfinta ba ya saurin ƙarewa. Sai saiwa ta gajarce, dasashi ya ja baya, haƙori ya fara girgiɗi. Saiwar da ta narke kuwa ba ta dawowa.

Mai sawa a ɗaki ta sayo kaya a intanet, ta kalli bidiyo, ba hoton ƙashi, ba tafasa kayan aiki, wani lokacin ma da gam ɗin kasuwa take mannawa. Ku iyaye ku ke biya, wai don yarinya ta yi gayu! Kada ki kai ta. Ki nemi likitan da ke da rajistar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Najeriya, ya fara ɗaukar hoto. In ɗan kunnen ƙarfe na sa mata ƙaiƙayi, ki faɗa masa tun kafin a sa, saboda nikel ɗin da ke cikin wayar.