Amsa ga 'yar'uwar da ke fama da tsigar gashi

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce tun kina 'yar shekara 12 kike tsige gashin kanki da na gira, har kin daina zuwa wurin mai kitso don kunya, a gida kuma ana cewa aljanu ne, kina tambayar ko akwai mafita. Akwai insha Allahu, kuma ni ma na daɗe ina fama da wannan tsigar a nan Garwa ta ƙasar Kamaru.

Lalura ce da likitoci suka sani, wani likitan fata na Faransa, Hallopeau, ya bayyana ta tun 1889, kuma galibi tana farawa ne dab da balaga. Addu'a ba ta hana neman magani.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne rubutu. Na ware ɗan littafi, duk lokacin da na tsinci hannuna a kaina sai in rubuta lokacin, da inda nake, da abin da nake yi, da abin da ke raina. Da na dawo ina karantawa, sai na ga abin ba ya zuwa haka kawai: yana zuwa ne bayan sallar isha'i, idan na cire ɗankwali saboda zafi, na kwanta a tabarma da waya a hannun dama, hannun hagu kuma ya tafi yana lalube har ya sami silin gashi mai kauri. Wani lokacin ban ma sani ba sai na ga gashi a kan zani, wani lokacin kuwa ɓacin rai ne ke tura ni ina sane. Daga nan na san inda zan tare shi. Ina kwanciya da hula, ina riƙe carbi a hannun da ke zuwa kai, idan sha'awar ta taso in dunƙule hannu kamar minti ɗaya har ta lafa. Masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Azrin da Nunn, su suka tsara wannan hanya ta lura da lokacin da abin ke zuwa da kuma dunƙule hannu a 1973, kuma har yau da ita likitoci suke aiki.

Sai batun abokan tafiya. Muna da 'yar ƙungiya a WhatsApp, daga Garwa da Marwa, kowace takan faɗi yadda ranarta ta kasance, kuma ba a yi wa wadda ta koma tsiga faɗa, domin faɗa da gori damuwa suke ƙarawa, damuwar kuwa ita ke mayar da hannu kai. A gida ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, ku yi alama tsakaninku, kamar idan ta ga hannunki ya tafi kai a gaban mutane ta taɓa kafaɗarki ba tare da magana ba.

Idan kina tauna gashin ko kina haɗiye shi, ki gaya wa likita ba tare da jinkiri ba, domin ciki ba ya narkar da gashi, yakan dunƙule har sai an yi tiyata.