Turancin da ke jikin kwalbar magani da buhun taki: amsa ga manoma

Wani manomin masara daga yankin Funtuwa ya aiko da tambaya cewa ya ga an rubuta "pre-emergence" a jikin wata kwalba, wata kuma "post-emergence", mai shago kuwa ya ce masa duk maganin ciyawa ne, ya ɗauki wanda ya ga dama.

Malam, duk maganin ciyawa ne, amma lokacin aikinsu ya sha bamban. Kalmar "emergence" tana nufin ɓullowar tsiro daga ƙasa, "pre" na nufin kafin, "post" kuma bayan. Na farkon ana fesa shi ne a ranar da aka yi shuka ko washegari, ƙasa tana da danshi, domin ya kwanta a samanta ya kashe ciyawa tun tana ƙoƙarin tsirowa. Idan ka fesa shi a busasshiyar ƙasa, ko ka bi bayansa da fartanya ka tayar da ƙasar, ka yi asarar kuɗinka. Atrazine da masu masara suka saba da shi yana cikin wannan rukuni, kuma bai dace da gonar da za a sa wake a tsakanin kunya ba, domin zai cutar da waken. Na biyun kuwa ana jira ne ciyawa ta fito, a fesa mata tun tana ƙarama, ganyenta bai wuce biyu zuwa huɗu ba.

Akwai wasu kalmomi a takardar da ke jikin kwalbar waɗanda na fi so ka kula da su. "Selective" shi ne maganin da ke zaɓen abin da zai kashe, kamar 2,4-D da ke kama ciyayi masu faɗin ganye ya ƙyale shinkafa da masara. "Non-selective" ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa ya tafi, kuma glyphosate da ake share gona da shi kafin shuka irinsa ne. Gona nawa aka ƙone saboda an ɗauki wannan a madadin wancan! Sai "contact", wanda ke ƙona inda ya taɓa kaɗai, da "systemic", wato mai bin jiki, wanda ke shiga ta ganye ya gangara har saiwa. Ga tofa da aya-aya, masu ajiya a ƙarƙashin ƙasa, mai bin jiki ne ya dace. Sai dai yana bukatar haƙuri, domin yakan ɗauki mako guda ko fiye kafin ciyawar ta yi rawaya, don haka kada ka ce bai ci ba ka sake feshi bayan kwana biyu.

Wani kuma ya tambayi bambancin NPK 15:15:15 da 20:10:10, da dalilin da ya sa ake cewa a ƙara yuriya.

Takin da muke kira kamfa sunansa ya samo asali ne daga "compound fertilizer", wato takin da aka haɗa sinadarai fiye da ɗaya a cikinsa. N shi ne naitirojin mai sa kore da girman ganye, P fosfaras ne mai ƙarfafa saiwa, K kuma fotashiyam mai taimaka wa ƙarfin kara da cikar ƙwaya. Lambobin suna nuna kashi nawa ne cikin ɗari, a jere kamar yadda haruffan suke. Saboda haka buhu mai kilo 50 na 15:15:15 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowane ɗaya, shi kuwa 20:10:10 yana da kilo 10 na naitirojin da kilo 5 na kowanne cikin sauran biyun. Yuriya naitirojin ce zalla mai kashi 46 cikin ɗari, wato kilo 23 a buhu, shi ya sa ake sa kamfa da wuri, a bi da yuriya lokacin da masara ta kai gwiwa, a kuma binne ta don kada ƙarfinta ya bi iska.

Wata baiwar Allah mai noman tumatir na rani a Kadawa ta nemi ma'anar "pre-harvest interval".

Malama, wannan shi ne adadin kwanakin da ya wajaba a jira tsakanin feshin ƙarshe da tsinkar amfani. Kowane magani da nasa kwanakin a rubuce, kuma wanda ya fesa yau ya kai kwando kasuwa gobe ya ɗauki alhakin masu ci. Idan za ki sayi magani, ki sa a karanta miki layin da aka rubuta "active ingredient", wato sinadarin da ke yin aikin, domin kamfanoni da yawa suna sayar da sinadari ɗaya da sunaye daban-daban, mutum ya sayi kwalba biyu yana zaton ya canza magani alhali abu ɗaya ya maimaita. Ki duba lambar rajistar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa kafin ki biya kuɗi.