Amsa kan kyamarorin karanta lambar mota

Malam, ka tambaya ko motocin masu laifi kaɗai kyamarorin 'yan sanda masu karanta lamba suke ɗauka. A'a, duk motar da ta gifta ana adana lambarta tare da lokaci da wurin da ta bi, sannan kwamfuta ta duba ko tana cikin jerin motocin da ake nema. A Birtaniya, inda aka ƙirƙiro fasahar a 1976, ana riƙe bayanan har tsawon shekara guda. Abin da ya fi damuna shi ne, idan aka harhaɗa bayanan, za su iya nuna unguwar da mutum yake kwana da asibitin da yake zuwa, alhali ba a zarginsa da komai.