Amsa ga 'yar uwar da ta buɗe shafin X aka tarbe ta da zagi

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, tun da na karanta tambayarki raina bai kwanta ba, domin abin da kika bayyana na san ɗacinsa. Kin ce kin buɗe shafi a X don ki riƙa bin labarai ki kuma tallata turaren wutar da kike haɗawa, kin yi ta rubutu babu wanda ya tanka miki, ranar da kuwa kika yi tsokaci a ƙarƙashin rubutun wani mai mabiya da yawa sai zagi ya yi miki rubdugu, shi ne kike tambaya ko ki rufe shafin ko kuwa akwai yadda ake bi da shi wanda ba ki sani ba. Akwai yadda ake bi da shi, kuma da a ce na samu wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini tun farko da an rage mini kuka.

Shirun da kika ji a farkon zuwanki ba ƙiyayya ba ce. A Facebook sai kin amince da mutum kafin ya zama abokinki, kuma yawancin masu ganin rubutunki 'yan uwa ne da abokan makaranta waɗanda suka san gidanku. A X bin mutum ba ya buƙatar izininsa matuƙar shafinsa a buɗe yake, kuma don kin bi shi ba dole ba ne ya bi ki. Saboda haka sabon shiga yana rubutu ne babu mai ji, har sai ranar da maganarsa ta faɗa gaban wanda yake da jama'a, a ranar kuwa dubban mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba za su yanke masa hukunci da jimla ɗaya. Facebook hirar tsakar gida ce, X kuwa magana ce da lasifika a bakin tasha. Idan kika buɗe manhajar za ki ga ɓangare biyu a sama: ɗaya yana nuna miki abin da manhajar ta zaɓa miki, ɗayan kuma rubutun waɗanda kike bi kaɗai. Ki zauna a na biyun na ɗan lokaci, domin na farkon ya fi son kawo miki abin da mutane suke ta faɗa a kansa, kuma wanda ya fara koyon X a can zai ɗauka haka ake magana a ko'ina.

Sai kuma maganar gajarta. Lokacin da aka kafa dandalin a 2006 da sunan Twitter, haruffa 140 kacal ake rubutawa, sai a 2017 aka mayar da su 280, kuma har yau nan ne iyakar wanda ba ya biyan kuɗin wata. Tazarar da ke tsakanin kalmomi ma ana ƙirga ta, adireshin intanet kowane iri yana cin gurbin haruffa 23, 'yar fuskar dariyar nan da muke son liƙawa tana cin biyu. Hausa kuwa harshe ne da yake son sallama da shimfiɗa da neman afuwa kafin a kai ga magana, don haka wanda yake da batu mai tsawo sai ya yanka shi gida-gida, ya jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya. A nan ne ni aka same ni.

Na rubuta jerin saƙonni ne a kan kayan ɗaki, bayan na ga yadda wani dattijon unguwarmu ya sayar da filinsa ya ci bashi a kai don ya aurar da 'yarsa. Saƙon farko na ce muna kashe iyayenmu maza da hannunmu saboda gado da kujeru, a saƙonnin da suka biyo baya kuma na yi bayanin cewa tausayinsu nake ji, na roƙi 'yan mata da iyaye mata mu sassauta. Wani mutum mai mabiya masu ɗimbin yawa, wanda ban taɓa yi masa magana ba, ya ɗauki saƙon farkon shi kaɗai ya ɗora a shafinsa, ya rubuta a samansa cewa ga irin matan da boko ya lalata, suna kiran iyayensu matattu. Na tabbata ya ga sauran, domin suna nan manne a ƙarƙashinsa, kuma mutane da dama sun nuna masa. Bai goge ba, bai gyara ba, sai ma ya ƙara wani rubutun yana cewa wadda aka taɓa ta ji zafi.

Ina cikin kwaɓa fulawa wayar ta fara kaɗawa a kan tabarma, ba ta tsaya ba har batirin ya mutu. Da na jona ta na kunna, saƙonnin suna shigowa da saurin da ba na iya karanta ɗaya kafin goma su danne shi. An zagi mahaifina wanda ya rasu. An ɗauki hoton fuskata da ke kan shafin an ƙara masa girma ana tafka muhawara a kan ko na yi aure ko ban yi ba, wani ya ce da ganin idona an san ba ni da mafaɗi. Waɗanda suka fi ƙona mini rai ba masu ashar ba ne, masu yi mini nasiha ne cikin ladabi a kan maganar da ban faɗa ba, suna roƙa mini shiriya. Kafin magariba hoton rubutun nasa ya bar X ya shiga zauren WhatsApp na danginmu, inda babu mai shafin da zai je ya duba sauran bayanin. Yayana ya kira ni, bai ko amsa gaisuwata ba, ya ce, "Me Baba ya yi miki?" Na buɗe baki na kasa cewa komai. Har yau idan na tuna wannan tambayar sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, kuma ko da yake na yi masa bayani daga baya ya gane, akwai gwaggonnina da har gobe suke kallona da abin.

Mutumin nan kuwa ko a jikinsa. Washegari ya koma kan wata baiwar Allah, jibi ya koma kan wani malamin makaranta. Na daɗe ina tambayar kaina me na tsare masa, sai daga baya na fahimci ba ni ce a gabansa ba. Bayan Elon Musk ya sayi kamfanin a watan Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44, ya kuma sauya masa suna zuwa X a watan Yulin 2023, an fara biyan wasu masu shafukan da suke biyan kuɗin wata gwargwadon yadda jama'a suke mu'amala da rubutunsu. Wanda ya iya tunzura mutane su yi ta martani yana da abin da zai samu, ke da aka jefa a tsakiya kuwa babu abin da za ki samu sai ciwon kai. Ban ce kowane mai mabiya haka yake ba, akwai mutanen kirki sosai a cikinsu, amma wannan na bar shi da Allah, ban kuma ce na yafe ba. Ki kuma sani cewa shuɗiyar alamar nan da ke gefen suna a da shaida ce cewa kamfanin ya tantance fitaccen mutum ko hukuma, yanzu kuwa duk mai kuɗin biya yana iya samunta, kuma ana ɗaga martaninsa sama da na sauran jama'a. Kada ta sa ki ɗauka mai ita ya fi ki sani ko ya fi ki gaskiya.

Yau ɗin nan, kafin ki sake rubuta ko harafi ɗaya, ki shiga saitin sirri. Ki kashe damar da ke ba mutane ikon gano shafinki ta lambar waya ko imel, domin ta nan ne wanda yake da lambarki zai iya cin karo da ke ba tare da kin gayyace shi ba. Ki taƙaita masu iya turo miki saƙon sirri. Idan hoton fuskarki ne a kan shafin, ni dai shawarata ki sauya shi da hoton kaskon turarenki, kuma kada ki taɓa sa hoton ƙofar gida ko rigar makarantar yara. Duk lokacin da za ki wallafa abu akwai wurin zaɓar waɗanda za su iya mayar da martani, kowa da kowa ko waɗanda kike bi ko waɗanda kika ambata kaɗai. Idan wuta ta kama, kina iya kulle shafin gaba ɗaya ta yadda sai wanda kika amince da shi zai ga rubutunki, kina kuma iya yi wa zancen shiru don wayarki ta daina kaɗawa. Har kalmomi ana iya yi wa shiru, ni na daɗe da sa lefe da kishiya a cikin nawa, kuma na samu lafiya. Toshe mutum yana nan, sai dai tun ƙarshen 2024 wanda kika toshe yana iya ganin rubutunki idan shafinki a buɗe yake, abin da ba zai iya ba shi ne yi miki martani ko sake yaɗa shi. Kada ki ji kunyar toshewa, ba ki ci bashin kowa amsa ba.

Game da waɗanda suke zaginki yanzu, kada ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina kare kanki, domin kowace amsa sabon abu ce da za su ɗauka su ɗora a shafukansu. Idan akwai bayanin da ya zama dole, ki yi shi sau ɗaya a shafinki ki ajiye wayar. Gyara rubutu bayan an wallafa na masu biyan kuɗi ne, gogewa kuma ba ta hana wanda ya riga ya ɗauki hotonsa yaɗa shi. Shi ya sa yanzu kowane saƙo da zan sa a cikin jeri sai na karanta shi shi kaɗai, na tambayi kaina yadda zai kasance idan aka cire shi aka kai wa yayana. Kuma don Allah, komai zafin da kika ji, kada ki rama da ƙazafi ko barazana. A Najeriya akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma an sha kama mutane da sashe na 24 nata. Da yawanmu muna tune da ɗalibin nan na wata jami'a a Jigawa da aka tsare a ƙarshen 2022 saboda rubutu ɗaya da ya yi a kan matar shugaban ƙasa ta lokacin, kafin daga baya a janye ƙarar.

Batun turaren kuwa, zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: X ba nan ne kasuwarki ta fi ci ba. Mai sayen turaren wuta yana son ya ga kwalba, ya tambayi ko akwai hawi da sandal a ciki, ya yi ciniki, wannan kuwa WhatsApp da Instagram sun fi dacewa da shi. Ki bar X ya zama wurin da za a san da ke, ki manna saƙo ɗaya a saman shafinki mai hoto da farashi da garin da kike, sauran ciniki ku ƙarasa a wani wurin. Kada kuma ki jingina abincinki da dandali ɗaya. Ranar 5 ga Yunin 2021 aka toshe Twitter a Najeriya bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, kuma masu sana'ar da duk abokan cinikinsu suke can sun ji jiki. Ki yi hattara da masu rabon kuɗi da suke cewa a turo lambar asusu ko a danna wani adireshi, da masu saƙon cewa za a rufe shafinki idan ba ki shigar da kalmar sirrinki ba. Ki kuma kashe kunna bidiyo da kansa a saitin data, in ba haka ba za ki sayi data da safe ki neme ta da la'asar ki rasa.

Duk da abin da aka yi mini ban bar dandalin ba, kuma ban yi nadama ba. A can nake fara ganin sanarwar hukumomi da labaran BBC Hausa da DW da RFI, a can na ga an tara wa marasa lafiya kuɗin magani cikin yini guda, a can kuma nake sauraron zaurukan murya inda likitoci da lauyoyi suke amsa tambayoyi da Hausa ba tare da an ce sai na yi magana ba. Abin da ya gyara mini zama shi ne haɗa jerin sunaye na kaina, na zuba mutanen da na ga suna da hankali da kunya, shi nake buɗewa maimakon in bar manhajar ta zaɓa mini. Idan kika ga mai sana'a irin taki ko wadda rubutunta ya burge ki, ki yi mata martani mai ma'ana, ta haka ake sabawa a hankali, kuma mabiya ɗari da suka san ki sun fi miki dubun da aka saya.

Idan kuma kin ji zuciyarki ba za ta ɗauka ba, rufewa ba gazawa ba ce. Idan kika dakatar da shafin kina da kwana 30 da za ki iya dawowa ki same shi yadda kika bar shi ta hanyar shiga kawai, bayan nan ne ake share shi gaba ɗaya, sunan ma wani yana iya ɗauka. Ni dai da za ki ji tawa, ki fara kulle shi na mako biyu, ki cire manhajar daga fuskar wayarki, ki bar masu zagin su samu wani abin yi, sannan ki yanke shawara. Allah ya sanyaya miki, ya sa albarka a sana'ar.